Wa Ya Raɗa Sunan? Uba da Ɗansa a Sharhin Malaman Yahudawa

Malaman Yahudawa sun ƙidaya dokokin Attaura suka same su 613. Akwai dokar kaciyar ɗa namiji a rana ta takwas, akwai ta fansar ɗan fari, akwai ta rabon gado, amma babu ko guda da ta faɗi wanda ke da hakkin raɗa wa jariri suna, uba ne ko uwa. Abin da littafin ya bayar labarai ne kawai: an haifi wane, wane ya sa masa suna, ga dalilinsa. A cikin waɗannan labarai ne masu sharhi suka shafe fiye da shekara dubu suna neman matsayin uba. Wanda ya bi sawunsu zai ga ba su cika ɗaukar uba a matsayin mai mallakar sunan ɗansa ba. Sun fi ganinsa kamar wanda aka damƙa wa amana, kuma abin da amanar ta ƙunsa ya sauya yayin da halin al'ummar ya sauya.

Da yawa daga mutanen da za a ambata annabawa ne a wajen Musulmi, kuma sunayensu suna nan cikin gidajen Hausawa: Ibrahim, Isiyaku, Yakubu, Yusufu, Musa, Dauda, Sulaiman. Abin da ke tafe bayanin littattafan Yahudawa ne yadda suka zo da shi.

Harafi ɗaya

Yawancin muhawarar ta rataya ne a kan harafi ɗaya. A Ibrananci, wayyiƙra na nufin "sai ya kira", wattiƙra kuma "sai ta kira". Bambancinsu harafin yod ne da harafin taw. Ɗalibin Hausa zai gane wannan nan take, domin "ya" da "ta" namu ma haka suke raba namiji da mace, kuma masana harshe suna lissafa wannan cikin alamun da ke nuna cewa Hausa da Ibrananci da Larabci ƴan babban gida ɗaya ne, na harsunan Afro-Asiya.

Tun farkon littafin Farawa harafin ya fara kawo tambaya. A sura ta 4 Hawwa'u ce ta sa wa ɗanta na uku suna Shitu, a sura ta 5 kuma aka ce Adamu ne. Labarin haihuwar Sulaiman a littafin Sama'ila na biyu ya fi wannan ban mamaki: baƙaƙen da ke cikin nassin suna cewa Dauda ne ya sa sunan, amma al'adar karatu tana cewa mahaifiyarsa Batsheba ce. Malaman Tabariya da suka yi wa nassin wasali tsakanin ƙarni na 7 da na 10 miladiyya ba su goge ko ɗaya ba. Sun bar baƙaƙen yadda suka gaje su, suka rubuta karatun a gefen shafi. Har yau mai karatu yana ganin "ya" da idonsa, yana furta "ta" da bakinsa.

Ibrahim da ƴaƴansa biyu

A sura ta 16 mala'ika ya tarar da Hajaratu a jeji, ya gaya mata za ta haifi ɗa, ta sa masa suna Isma'ila, wato Allah ya ji. Ayoyi kaɗan bayan haka aka ce Ibrahim, yana da shekara 86, shi ne ya sa sunan. To, ta yaya ya san abin da aka faɗa wa Hajaratu ita kaɗai?

Rashi, wanda ya rayu a Troyes ta arewacin Faransa daga 1040 zuwa 1105, kuma sharhinsa ne ɗan Yahudawa ke fara karantawa, ya ce Ibrahim bai ji maganar mala'ikan ba, ilhama ce daga Allah ta sauka masa har sunan da ya zaɓa ya dace da wanda aka riga aka ambata. Ramban, wanda aka haifa a Girona ta Sifaniya a 1194, ya kawo bayanin da ya fi kusa da zaman gida. A ganinsa umarnin Hajaratu aka ba, amma da yake ita kuyanga ce, sai ta ji nauyin sa wa ɗan maigidanta suna, ta kwashe labarin ta gaya masa, shi kuma ya zartar. Duk wanda aka bi cikin malaman biyu, sunan bai faro daga Ibrahim ba. Tabbatar da shi ya yi.

Sunan Ishaku kuwa kai tsaye aka ba Ibrahim shi kafin a ɗauki cikinsa, kuma tushen kalmar dariya ne. Da yake kowane harafin Ibrananci yana da adadi, Rashi ya kawo wata tsohuwar ruwaya da ta lissafa haruffan sunan huɗu: 10 jarrabawa goma da aka yi wa Ibrahim, 90 shekarun Saratu, 8 ranar kaciya, 100 shekarun Ibrahim. Talmud na Urushalima, wanda aka tattara a Galili wajen shekara ta 400, ya yi tambayar da ta fi wannan zurfi: me ya sa aka sauya sunan Abram ya koma Ibrahim, na Yakubu ya koma Isra'ila, amma ba a taɓa na Ishaku ba? Amsar ita ce, waɗancan biyun iyayensu ne suka sa musu suna, shi kuwa Ishaku Allah ne ya sa masa. A nan aka kafa iyakar ikon uba. Sunan da ya raɗa yana tsayawa, amma ana iya sake shi daga sama. A wuri guda kuma aka lissafa mutum huɗu da aka ambaci sunansu tun kafin haihuwa: Ishaku, Isma'ila, Sulaiman da sarki Yosiya.

Gidan Yakubu

Da Rifkatu ta haifi tagwaye, nassin ya ce "suka kira" na farko Isuwa, amma a kan na biyu ya koma "ya kira", bai faɗi ko wane ne ba. Rashi ya ba da amsa biyu: ko dai Allah ne da kansa ya sa sunan Yakubu, ko kuma Ishaku ne, saboda jaririn ya fito yana riƙe da diddigen ɗan'uwansa, kalmar diddige kuwa tana cikin sunan.

A gidan Yakubu kansa iyaye mata ne suka riƙe ragamar. Cikin ƴaƴansa maza 12, guda 10 Lai'atu da Rahila ne suka sa musu suna a fili, har da waɗanda kuyanginsu suka haifa, kuma kowane suna yana ɗauke da kishi ko godiya ko begen miji. Biyu ne suka fita daban. A kan Lawi, kalmar kira ta zo a siffar namiji. Wasu masu sharhi suka ce Yakubu ne ya sa sunan, Rashi kuwa ya kawo ruwayar cewa Allah ya aiki Jibrilu ya kawo jaririn gabansa, ya sa masa suna, ya ba shi kyaututtukan firistanci 24, domin daga zuriyarsa ne masu hidimar Haikali za su fito.

Na biyun shi ne autan. Rahila ta rasu wajen haihuwa a kan hanyar Baitalami, kuma da numfashinta na ƙarshe ta kira yaron Ben-oni. Nassin ya ƙara da cewa mahaifinsa ya kira shi Biliyaminu. Wannan ne kaɗai wurin da ake ganin Yakubu ya ɗora nasa sunan a kan na uwa, kuma ya yi hakan ne ga matar da ya fi so, a ranar da ta cika. Rashi ya fassara Ben-oni da ɗan wahalata. Ya ce yamin na nufin dama, kuma tana nufin kudu, domin wanda ya fuskanci gabas kudu na damansa. Biliyaminu shi kaɗai aka haifa a Kan'ana, wadda ke kudu ga mai tahowa daga Aram inda aka haifi yayyensa. Ya kuma kawo wata fassarar, cewa ɗan kwanaki ne, wato ɗan tsufa.

Ramban bai gamsu ba. Ya lura cewa kalmar oni tana da fuska biyu: tana nufin makoki, tana kuma nufin ƙarfi, kamar yadda Yakubu ya yi amfani da ita daga baya wajen siffanta ɗan farinsa Ra'ubainu. Hannun dama kuwa shi ne na ƙarfi. Saboda haka, in ji Ramban, Yakubu bai soke sunan da Rahila ta sa ba. Yana so yaron ya amsa sunan mahaifiyarsa kamar yadda yayyensa suke amsa na iyayensu mata, sai ya ɗauki kalmarta ya juya ta zuwa kyakkyawar fuskarta. Da wannan ya cika wasiyyar marigayiya, ya kuma kuɓutar da maraya daga yawo da sunan makokin uwarsa har tsufa.

Neman ƙa'ida a gidan Yahuza

Malaman tsakiyar zamani sun so su fitar da ƙa'ida, sai suka ga kamar sura ta 38 ta ba su. Yahuza ya sa wa ɗan farinsa suna Er, matarsa ta sa wa na biyu Onan, ta kuma sa wa na uku Shela, sannan nassin ya ƙara da cewa yana Kezib lokacin haihuwar. Tarin sharhin malaman Faransa da Jamus da ake kira Da'at Zekenim ya ce al'adar mutanen dā karɓa-karɓa ce: uba ya sa wa na fari, uwa ta sa wa na biyu. Na uku rabon uba ne, amma da yake ya yi tafiya sai uwar ta sa, shi ya sa aka ambaci inda yake.

Ramban ya kawo wannan ra'ayi ya yi watsi da shi, ya ce bai ga armashinsa ba. Gidan Yakubu ma bai goyi bayan ƙa'idar ba, tunda Lai'atu ce ta sa wa ɗan fari suna mijinta yana gari. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. Malaman fiƙihu na baya sun riƙa kafa hujja da shi idan miji da mata suka saɓa a kan wanda za a yi wa takwara, ko da yake a wasu al'ummomin Turai al'ada ta juya, aka fi bai wa uwa zaɓin na fari.

Uba mai hangen gaba

Akwai iyaye maza da masu sharhi suka ɗauki sa sunansu kamar annabci. Eber ya sa wa ɗansa suna Feleg, wato rabuwa, domin a zamaninsa ne aka raba duniya. Rabbi Yose ben Halafta, malamin Galili na ƙarni na 2, ya yi lissafi: an haifi Feleg shekara 101 bayan ruwan tufana, ya rayu shekara 239, warwatsuwar mutane daga Babila kuwa a shekarar mutuwarsa ta faru, shekara 340 bayan ruwan. Ke nan Eber ya sa sunan abin da zai auku bayan fiye da ƙarni biyu, don haka aka kira shi babban annabi.

Annabawan baya sun mai da sunayen ƴaƴansu saƙo ga jama'a. An umarci Yusha'u ɗan Beyeri ya sa wa ƴarsa sunan da ke nufin wadda ba a ji ƙanta ba, ɗansa kuma wanda ke nufin ba mutanena ba. Talmud na Babila ya karanta labarin a matsayin darasi ga uban kansa. Ya ce Yusha'u ya taɓa ba da shawarar a musanya Isra'ilawa da wata al'umma saboda zunubinsu. Da ya haifi ƴaƴa uku sai aka nuna masa ya rabu da iyalinsa, ya ce ba zai iya ba. Aka ce masa, in shi ba zai iya rabuwa da nasa ba, yaya yake so a rabu da zuriyar Ibrahim? Daga nan ya koma roƙon gafara, kuma a cikin littafinsa an juya munanan sunayen suka zama na rahama.

Wannan fahimta ce ta haifi maganar Talmud cewa suna yana tasiri a kan mai shi, abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce suna linzami ne. An ruwaito cewa Rabbi Meir yakan auna mutum da sunansa. Wata rana shi da abokansa biyu suka sauka a gidan wani mai suna Kidor, ya ƙi ba shi ajiyar kuɗinsa don sunan ya tuna masa wata aya mai zargi. Abokan suka ba da nasu, mai masaukin ya musa cewa ya karɓa.

Lokacin da annabci ya yanke

Babbar magana a kan wannan batu tana cikin Bereshit Rabba, sharhin littafin Farawa da aka tattara wajen ƙarni na 5, kuma a kan ayar Feleg ɗin ta zo. Rabbi Yose ya ce mutanen dā sun san asalinsu sarai, shi ya sa suke sa suna bisa abin da ya faru, amma na zamaninsa da ba su san asalinsu haka ba, sunan kakanni suke sawa. Rabban Shimon ben Gamliel ya ce dalilin shi ne mutanen dā suna da ilhamar Allah, na yanzu kuwa ba su da ita.

Mutanen nan biyu sun yi magana ne bayan Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, da bayan murƙushe tawayen Bar Kokhba a 135, lokacin da gidaje suka watse, dangi suka ɓace wa juna. Uban da ba ya iya hango gobe, abin da ya rage masa shi ne ya riƙe jiya. Shi kansa Rabban Shimon shaida ne: ɗan Gamliel ne, jikan Shimon, tattaɓa-kunnen wani Gamliel. Al'adar ta girme su, domin takardun Aramiyanci na Yahudawan tsibirin Elefantin, kusa da Aswan a Masar, sun nuna ana yi wa kaka takwara tun ƙarni na 5 kafin miladiyya. Abin da malaman suka yi shi ne ba ta ma'ana.

Lokacin raɗa sunan ma ya sauya. A labaran Farawa ana sa suna ne da haihuwa. Haɗa shi da kaciyar rana ta takwas ya fara bayyana a rubuce cikin Linjilar Luka, inda dangi suka so a sa wa Yahaya sunan mahaifinsa Zakariya, uwar ta ƙi, uban da bakinsa ya rufe ya rubuta sunan a allo. A littattafan malaman Yahudawa ana samunsa cikin Pirkei de-Rabbi Eliezer na wajen ƙarni na 8 ko na 9. Kaciyar ɗa kuwa wajibi ce a kan uba, sai wannan ya ƙara matso da shi tsakiyar taron suna.

Daga baya hanya ta rabu biyu. Yahudawan Sefarad, ƴan asalin Sifaniya da suka bazu a Arewacin Afirka da daular Usmaniyya ta Turkiyya bayan korar 1492, suna yi wa kaka takwara yana raye, kuma yawanci ɗan fari na kakan wajen uba ne, na biyu na wajen uwa. Wannan ya yi kama da gidajen Hausawa, inda mai sunan kaka ke tashi da laƙabi irin su Abba saboda alkunya. Yahudawan Ashkenaz na Jamus da gabashin Turai kuwa sai bayan mutum ya rasu suke sa sunansa. Littafin Sefer Hasidim, wanda ake dangantawa da Yahuda na Regensburg da ya rasu a 1217, ya riga ya ambaci wannan tsantseni.

Suna a ƙasar baƙunci

Yusufu ya haifi ƴaƴansa a Masar, bayan Fir'auna ya ba shi sunan Masarawa da mata ƴar firist ɗin birnin On. Duk da haka shi ne ya sa musu suna, kuma da Ibrananci: Manassa, don Allah ya mantar da shi wahalarsa, da Ifraimu, don ya hayayyafa a ƙasar ƙuncinsa. Musa ma a Madyana ya kira ɗansa Gershom, yana tuna cewa shi baƙo ne. Sharhin Wayikra Rabba ya lissafa rashin sauya suna cikin abubuwa huɗu da suka sa aka fanshi Isra'ilawa daga Masar, ya ba da misali cewa ba su mai da Ra'ubainu Rufus ba, ko Biliyaminu Alezanda. Waɗannan sunayen Rumawa da Girkawa ne, ba na Masar ta Fir'auna ba, wanda ke nuna malaman da iyayen zamaninsu suke.

Wa'azin bai hana aro ba, domin cikin malaman Talmud kansu akwai Antigonus da Tarfon, masu sunayen Girkanci. Da gwamnatin Furusiya ta hana Yahudawa sa sunayen Kirista a 1836, masani Leopold Zunz ya wallafa littafi a 1837 yana nuna cewa tun zamanin dā suna ɗaukar sunayen mutanen da suke zaune cikinsu, saboda haka hukuma ba ta da hujjar shiga tsakanin uba da ɗansa. Bayan ƙarni ɗaya hukuma ta shiga da ƙarfin tsiya: dokar ƴan Nazi ta 17 ga Agusta 1938 ta tilasta wa duk Bayahuden da sunansa ba ya cikin jerin da aka amince da shi ya ƙara Isra'ila, mace kuma ta ƙara Sara. Sunaye biyu da Attaura ta ce Allah ne ya bayar don ɗaukaka, su aka mai da alamar farauta.

Masu sharhin ba su taɓa cewa sunan da uba ya raɗa shi ne ƙarshen magana ba. Sun ce Musa yana da sunaye goma, amma wanda Allah ya riƙa kiransa da shi na ƴar Fir'auna ne, wadda ta tsamo shi daga kogi, sakamakon alherinta. Sun kuma ce kowane mutum suna uku gare shi: wanda iyayensa suka sa masa, wanda jama'a ke kiransa da shi, da wanda ya samar wa kansa da aikinsa, kuma na ukun ya fi. A ibadar Yahudawa ta yau ana kiran mutum zuwa karatun Attaura da sunan mahaifinsa, in ya kwanta ciwo kuma da sunan mahaifiyarsa ake yi masa addu'a. A manyan bugun Attaura masu sharhi, maganar Rashi da ta Ramban a kan Biliyaminu suna nan a shafi ɗaya, kowace a gurbinta, kuma ɗalibai suna karanta su duka biyu duk shekara idan karatun mako ya kai wurin rasuwar Rahila.